Dubiyar Inna Dorin

Duk wanda ya shigo kemis ɗina a Gyadi-Gyadi sai ya tambayi labarin littattafan nan da ke jere a saman kantar auduga da bandeji. Tsofaffi ne, takardarsu ta koma ruwan ƙasa, in ka buɗe har yanzu sai ka ji warin ɗakin da rana ba ta shiga. 'Yan makarantar koyon jinya su suka fi damuna. Su zo sayen maganin mura, su tsaya suna ɗaga wuya: "Anti Rabi, wai da wanne za mu fara?" Ina faɗa musu, ina ba su aro, wasu su dawo da shi, wasu sai na yi musu aike. Abin da ban cika faɗa ba shi ne yadda aka yi littattafan Turawa na binciken kisan kai suka zo suka zauna a kemis a Kano.

Na sauka Landan da jaka biyu da lambar waya ɗaya. Lambar na yi ta kira a filin jirgi har wayata ta mutu, babu wanda ya ɗauka. Wanda ya yi mini hanyar ɗan garinmu ne, Alhaji Sabo, mai ofis a Unguwa Uku, mutumin da carbi ba ya barin hannunsa. Ya rantse mini aikin nas na can yana jirana. Ni kuwa na yi shekaru ina aikin jinya a Kano, maigidana ya rasu, na bar 'yata Ummi wajen mahaifiyata a Darmanawa. Shirina bai da yawa: in kama aiki, in ci jarrabawar da za ta sa su yarda cewa ni nas ce, in ɗauko Ummi. Amma takardar zamana a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauke ni. Ranar da kamfani ya sake ni, ranar zan fara haɗa kaya. Wannan kowa ya faɗa mini, kuma da shi nake kwana nake tashi.

Daga Landan na bi adireshin kamfanin zuwa Bamingham. Na tarar da ɗaki ne a saman shagon aski, da tebur da kujera da wani yaro yana latsa waya. Kamfani dai akwai shi a takarda, aiki ne babu. Aka kai ni wani ɗaki da mata uku, dukkanmu jiran abu ɗaya muke yi, kowace da nata Alhaji Sabon. Na kira nawa, ya ce, "Haƙuri za ki yi, Hajiya, komai nufin Allah ne." Na ce, "Alhaji, da nufin Allah muka yi ciniki ko da kai?" Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba.

Watannin nan ba na son tuna su. Sanyi ya shiga ƙashina ya yi zamansa. In Ummi ta kira, sai in tsaya kusa da taga inda haske yake, in yi murmushi, in nuna mata motocin da ke wucewa.

Wata rana ina tsaye a tashar bas, iska ta kwaɗe ni, na ce, "Wayyo Allah, wannan ƙasa!" Sai na ji an ce a bayana, "Sannu, 'yar'uwa." Na juya, wata mata ce kakkaura da jibgegiyar riga. Maman Fati ke nan, 'yar Zangon Kumasi, da Hausarta irin ta can. Wallahi na rungume matar nan a titi ban ma san sunanta ba. Ta kai ni ɗakinta, ta ba ni tuwo da miyar kuka, na ci ina hawaye tana yi mini dariya. Ita ta samo mini wani kamfani na gaskiya a wani ƙaramin gari a bakin teku, suka yarda su karɓi takarduna. Ranar da za ta sa ni a bas ta riƙe hannuna ta ce, "Rabi, abin da aka rubuta miki shi za ki yi, ki fita. Kada ki ƙara, kada ki rage. Mutanen nan, kirki ma sai da izini ake yin sa." Na ce to. Baƙo ai makaho ne, na ɗauka na gane abin da take nufi.

Garin bakin tekun na tsofaffi ne. Aikina gida-gida: in shiga, in danna waya ta rubuta na iso, in yi wa tsoho wanka, in ba shi maganinsa, in haɗa shayi, in danna waya, in ruga in tari bas. Ni da na karɓi haihuwa ba adadi, na sa ruwa a jijiyar jariri ana haska mini fitilar waya, a nan ko allura ba a yarda in yi ba. Ƙafafuna suka kumbura. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun gidajen. Tsoho zaune shi kaɗai, talabijin na yi masa magana, hotunan jikoki jere a bango. Wani in na tashi fita sai ya ƙirƙiro tambaya don kawai in ƙara tsayawa.

A cikinsu aka ba ni Misis Dorin. Tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ce, 'yar siririya, idonta ya kusa tafiya, bakinta kuwa yana nan da kaifinsa. Ranar farko ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Kin iya karatu da ƙarfi?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "A makarantar da na yi da bulala aka koya mana."

Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Madalla. Ta jiya kamar tana tauna tawul take karatu. Ɗauko na ƙarshe a layi na biyu."

Bangon falonta duk littafi ne, kuma duk iri ɗaya: an kashe wani, ana neman wanda ya kashe shi. Rubutun mutanen da ne, tun zamanin iyayenta. Na ce a zuciyata, ikon Allah, tsohuwa ƙafa ɗaya a kabari, ba ta da abin saurare sai labarin gawa. Amma na karanta mata a ɗan lokacin da take shan shayi. Kafin mako ya zagayo ni ce nake gaggauta wankan don mu sami lokaci. Na fara ce mata Inna, ba ta hana ba.

Ita ta tsara mini yadda ake shigarsu, don a cewarta wanda ya fara da littafin da bai dace ba ya yi asarar sauran. Sunayen marubutan suna nan a jikin bango, amma ni laƙabi na sa musu, har ita ma ta ɗauka tana kiransu da shi da bakinta na Turawa. Akwai Hajiya Mai Guba, wadda ke tara dangi a babban gida a ƙauye, a zauna shan shayi, sai mai dukiyar ya kife. "Da ita ake farawa," in ji Inna Dorin. "Turancinta sauƙi, kuma ba ta ha'inci. Komai za ta ajiye a gabanki, ke ce za ki kalli wani wajen." Akwai Malam Jirgi, shi kuma duk rigimarsa a kan lokacin tashin jirgin ƙasa take, wa ya hau, wa ya sauka a hanya. Ta ce wannan na masu haƙuri ne, a karanta shi na biyu. Akwai Mai Ɗaki a Kulle, da za a tarar da gawa a ɗakin da aka kulle ta ciki, ka rantse aljanu ne, ƙarshe ka ga zare ne da ƙusa. Sai Uwar Surutu, wadda mutanenta za su yi shafi biyar suna zance kafin a tuna da mamacin. "Ita ce ta fi su duka," ta ce, "amma kada ki taɓa ta sai kin gaji da sauran."

Doka biyu gare ta. Ba a leƙa ƙarshe, kuma ba a naɗe kunnen takarda. Don haka na yago ƙyalle daga bakin wani tsohon zanena na atamfa, shuɗi da ruwan ɗorawa, muna sa shi inda muka tsaya. Tana son shafa shi da yatsa. In an kusa ƙarshe sai ta ce in rufe, kowa ya faɗi wanda yake zargi. Ni kullum faɗuwa nake, don wanda ya yi wa uwarsa tsawa ko ya shiga gida ba gaisuwa shi nake kamawa.

"Rabi, marar kunya ba ya kisa a littattafan nan," in ji ta. "Ki sa ido a kan mai kirki. Musamman nas. Duk nas ɗin da ta cika yi wa tsohuwa mai gida kirki, ita ake fara zargi."

Na ce, "To Inna, yau shayin naki ya yi ɗaci ko?" Muka yi ta dariya har ta ƙware.

Na san abin da ya sa littattafan suka kama ni. A cikinsu duk wanda ya cuci wani, komai daɗewa, sai an tara mutane a falo an nuna shi da yatsa. In na rufe littafi na fita cikin ruwan sama, nakan ɗan ji sauƙin Alhaji Sabo.

'Ya ɗaya gare ta, Karolin, tana can wani gari mai nisa. Takan kira ranar Lahadi. Ba zan ce muguwa ce ba, ita ma muryarta ta gajiyayyu ce, aiki da 'ya'ya sun sha kanta. Ban taɓa ganinta ba a lokacin.

Ana cikin haka jarrabawata ta matso, har na sami rana. Muna tsakiyar wani littafin Uwar Surutu, wanda Inna Dorin ta ce ta karanta tun tana budurwa ta manta ƙarshensa, sai wata safiya na duba waya na ga an sa mini wani suna a lokacinta. Na kira manajarmu. Ta ce Misis Dorin ta faɗi a banɗaki, ƙugu ya karye, tana asibiti, yanzu ba ta cikin aikinmu. Na ce wane ɗaki aka kwantar da ita? Ta ce, "Wannan ba abin da ya shafe ki ba ne."

Haba! Mutum ka san shi, ka shiga gidansa kullum, ka san inda yake ajiye sukarinsa, a ce yana kwance a asibiti ka ƙi leƙawa? Da wane ido za ka dube shi in ya tashi? A Kano ko mai sayar maka da ruwa ne ya kwanta sai ka je. Kuma ba a zuwa dubiya hannu na dukan cinya. Na taɓa ba ta labarin kunun gyaɗa, ta ce tana so ta ɗanɗana kafin ta mutu. Ranar hutuna na dama shi da shinkafa da lemon tsami, na cika fulas, na yafa mayafina a kan rigar sanyi na hau bas. Maganar Maman Fati ta faɗo mini a hanya. Na ce ai ba lokacin aiki ba ne, lokacina ne.

Na tarar da ita ta ƙanƙance a gado, ba kowa a kujerar gefenta. Duk ɗakin haka yake, gado-gado babu mai jinya ko ɗaya, babu tabarma, babu kwanon abinci. Ina yin magana ta juyo da fuska ta ce, "Na san za ki zo. Na hana masu motar asibiti ɗaukata sai da suka saka littafin a jakata." Ta sha kunu cokali kaɗan, ta ce ya yi kama da abin da kakarta ke ba su in suna mura, sai dai wannan ya fi hankali. Na karanta mata har ta yi barci. Daga nan duk ranar hutu can nake yini, ma'aikatan ɗakin har sun saba da ni.

Ranar da Karolin ta zo, ina zaune a bakin gado, fulas a buɗe, cokali a bakin uwarta, hannun tsohuwar riƙe da nawa. Yanzu in na natsu ina ganin abin da ta gani: baƙuwar mata lulluɓe da mayafi tana ɗura wa uwarta wani farin abu mai kauri da ba asibiti ne ya bayar ba. Kuma ashe tsohuwar ta sha ce mata a waya, "Rabi ta fi kowa zuwa."

"Wace ce ke? Mene ne wannan? Wa ya aiko ki?"

Na miƙe ina bayani, Turancina duk ya tsere. Inna Dorin ta ce, "Karolin, kada ki zama sakarya, saura kaɗan mu kama mai kisan a littafin." Karolin ba ta saurare ta ba, ta kira shugabar ɗakin. Aka karɓi fulas ɗina aka sa a leda, wai za a duba abin da ke ciki. Kunun gyaɗa! Da ba ni abin ya faɗa wa ba, da na yi dariya, don ko Hajiya Mai Guba ba za ta tsara shi fiye da haka ba.

Na sa ƙyallen inda muka tsaya na ajiye littafin a kan durowa. Har na kai ƙofa tsohuwar ta ɗaga murya: "Rabi, wa kike zargi?"

Na ce, "Likitan."

"Kin sake faɗuwa, ina ji. Ki dawo mu gani."

A ofis manaja ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa, ta ce na ƙetare iyakar aiki. Ta tambaye ni ko Misis Dorin ta taɓa yi mini maganar gidanta ko wasiyyarta. Na rantse da Allah, na ga rantsuwar ba ta shiga ko'ina. Ta ce to me ya kai ni, tunda ba biyana ake ba? Na ce a garinmu haka ake yi. Ta dube ni da tausayi ta ce, "Na yarda da ke. Amma iyalin sun shigar da ƙorafi, kuma dokar a rubuce take, kin sa hannu." Ba su sami komai a kunun ba sai gyaɗa. Duk da haka suka sallame ni, suka kuma hana ni kusantar tsohuwar ko kiranta.

Na nemi wani kamfanin har ƙafata ta gaji. Duk wanda ya ji dalilin sallamar sai ya ce za su neme ni. Ranar jarrabawa ta zo ta wuce ina ɗaki a kwance, na kasa ko buɗe takardun. Maman Fati ta ce a waya, "Ban faɗa miki ba?" sai kuma ta fashe da kuka, ta aiko mini da akwati.

A makona na ƙarshe ina tafe a babban titin garin, na zo wucewa ta shagon da ake sayar da kayan da mutane suka bayar sadaka, yawanci kayan mamata. A bakin ƙofa akwai kwali cike da tsofaffin littattafai. Na wuce, na dawo. Ƙyallen atamfata ne ya leƙo daga cikin ɗaya, shuɗi da ruwan ɗorawa. Matar shagon ta ce makon nan aka kawo su, gidan wata tsohuwa da ta rasu ake kwashewa. Ta haka na ji. Ba wanda ya faɗa mini, ba inda zan je in zauna in yi wa wani gaisuwa. Na buɗe littafin, ƙyallen na nan inda na sa shi, ba wanda ya ƙarasa mata. Na sayi kwalin duka, na kai shi wani benci a bakin teku na zauna. Na ce, Allah, Kai ka san baiwarka. Don su shiga akwati, rigar sanyina da takalman aiki na bari a can.

Da na iso Darmanawa 'yan'uwa suka cika gida. "Har kin dawo? Ina tsaraba?" Ummi ta buɗe akwati ta ga tsofaffin takardu, ta dube ni, ta zo ta kwantar da kanta a cinyata. Alhaji Sabo na nan da ofishinsa. Na haɗu da shi a kasuwar Tarauni, ya fito daga sabuwar mota, ya gaishe ni da fara'a har yana tambayar mutanen Ingila. Ba wanda ya tara kowa a falo.

Kwanakin baya Hafsat ta shigo kemis, ɗaya daga cikin 'yan makarantar nan, ta gama karatunta, takardunta na tafiya Ingila sun fito. Tana son littafin da zai gyara mata Turanci kafin ta tashi. Na sauko mata da Hajiya Mai Guba guda biyu, na ce ta fara da su, kada ta leƙa ƙarshe, kada ta naɗe mini takarda. Na ƙara mata Malam Jirgi don zaman jirgi. Sai ta miƙa hannu ta zaro mai ƙyallen.

"Wannan fa, Anti?"

"Mayar da shi. Ba a ba da aronsa."

"Ya yi daɗi ne sosai? Wa ya yi kisan?"

"Ban sani ba."

Ta dube ni kamar na yi mata wasa. Na sha ɗauko shi, Allah ya sani. In na kai hannu kan ƙyallen sai in ji kamar zan cinye abincin da aka zuba mana mu biyu.

Ta mayar, ta tsaya tana juya littattafanta. Can ta ce, "Anti Rabi, ke da kika je kika gani, me za ki ce in kiyaye?"

Amsar na bakina, gajeriya ce, kuma ita ce za ta tsare mata aikinta: in wani tsoho ya kwanta asibiti, kada ki je. Na dubi yarinyar nan, wadda na gani da idona ta taɓa kwana uku tana jinyar maƙwabciyarsu da ba ta haɗa komai da ita ba.

Na ce, "Ki sayi takalmi mai kyau. Akwai tafiya."